KUFAI DA ZANGO: ABIN DA SANA'A TA BARI A DAJIN YAMMACIN ZAMFARA



Gabatarwa

Kufai, kamar yadda kowa ya sani, shi ne wurin da mutane suka zauna kana suka tashi. Zango kuwa shi ne inda matafiyi ke yada kayansa ya kwana, gari ya waye ya yi gaba. A kan waɗannan kalmomi biyu zan gina laccata ta yau, kuma ƙasar da zan duba ita ce wadda ta tashi daga Anka, ta bi ta Bukkuyum, ta kai Gummi, watau kwarin Gulbin Zamfara da dajin da ke tsakaninsa da Gulbin Ka.

Wanda ya ratsa wannan ƙasa cikin mota, abin da zai ce ya gani shi ne daji da gonaki. Amma wanda ya taka ta da ƙafa bayan kaka, sa'ad da ciyawa ta bushe, ya kwana inda dare ya riske shi, zai yi ta tuntuɓe da abubuwan da ke bukatar bayani. Nan ga tarin baƙin dutse mai ƙyalli, can ga kukoki sun yi da'ira babu gida ko ɗaya a tsakaninsu, gaba kaɗan ga rami ya cika da ruwa kore. Maƙasudina shi ne in nuna cewa wannan daji ma'aikata ce tun da daɗewa, kuma abin da sana'a ta bari a cikin ƙasa yana nan yana aiki bayan masu sana'ar sun wuce. Rashin kula da wannan magana ya riga ya ci mana rayuka, kamar yadda za mu ji.

Ƙasa da mutanenta

Zamfara tsohuwar daula ce. Sarakunanta sun fara zama a Dutsi, daga baya suka koma Birnin Zamfara. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci wannan birni, Gobirawa suka mai da Alkalawa babban birninsu, ita ma Alkalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Bayan faɗuwar birninsu sarakunan Zamfara sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har suka tabbata a Anka a farkon rabin ƙarni na 19. Shi ya sa har gobe ake ce wa sarkin Anka Sarkin Zamfara. Bajamushen nan Kurt Krieger, wanda ya zauna a Anka a shekarun 1950, ya tattara labarin waɗannan sarakuna ya buga a 1959, kana Dokta Garba Nadama ya rubuta kundinsa a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ta sha yaƙi da ƙaura shekaru da yawa dole ta cika da kufai. Duk garin da aka tashi, an bar ganuwarsa da rijiyoyinsa da maƙerarsa da marinarsa. Kuka da tsamiya, da yake itatuwa ne da mutum ke bari ya kuma kiyaye, su ke fara gaya wa matafiyi cewa ya shigo tsohon mazauni. In ya sunkuya zai ga katangar tukwane da dutsen niƙa da ya lotsa. Littattafan tarihi sun riƙe mana sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma labarin talakan da ya yi aiki da hannunsa, mafi yawansa a cikin ƙasa yake kwance.

Kufan masu tama

Mafi tsufa cikin waɗannan alamu shi ne kashin maƙera, watau baƙin dutsen nan mai nauyi da ƙofofi wanda ke saura bayan an dafa tama. Dafa tama tsohuwar sana'a ce a wannan yanki na duniya. A Taruga, cikin ƙasar al'adun Nok, an tono murahun da aka yi aiki da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. A Dutsen Dala na Kano an sami alamun aikin ƙarfe na wajen ƙarni na 7, kuma a shekarun 1970 masu binciken Jami'ar Ahmadu Bello sun tono irin waɗannan murahu a yammacin Samaru. Shi kansa Krieger ya buga bayani a 1963 a kan yadda Hausawa ke samun ƙarfe daga tama.

Aikin na rani ne, kuma a daji ake yin sa, gama abubuwa uku yake bukata wuri ɗaya: tama, da itacen gawayi, da laka. Masu aikin sukan bar gari su kafa bukkoki kusa da inda tama take, su yi makonni a can. Wasu na haƙa, wasu na saran ƙirya, wadda gawayinta ya fi kowane ƙarfi da jimirin wuta, wasu na gina murhu da laka, a jera masa bututai daga ƙasa domin iska ta shiga. A zuba gawayi, a zuba tama, a sake zuba gawayi, a kunna wuta. Zafin yakan kai wajen digiri 1,200. A wannan zafi dattin dutsen ne ke narkewa ya gangara, shi kuwa ƙarfen ya dunƙule a ciki. In murhu ya huce sai a fito da dunƙulen, a farfasa, a sayar wa maƙeran gari, su kuma su ƙera fartanya da galma da gatari da lauje da mashi da takobi.

Ku dubi abin da wannan ke nufi. Noman Zamfara da yaƙinta duka a kan wannan ƙarfe suka tsaya. Kowane tarin kashin maƙera shaida ne na itatuwa masu yawa da aka ƙona, da mutanen da aka ciyar a daji, da hanyar da aka bi aka kai ƙarfe kasuwa. Mai ilmin tono kayan tarihi yana iya ɗaukar gawayin da ya maƙale a ciki ya auna shekarunsa, ya kuma gane irin itacen da ke dajin a wancan zamani.

Sana'ar ta mutu ne a zamanin Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Ƙarfen Turai da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka cika kasuwa da araha, maƙeri ya ga ba shi da dalilin jiran mai tama. Ƙira ta rayu, dafa tama ta tafi. A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, Bafaranshiya Nicole Echard ta tarar da tsofaffin da suka san aikin a shekarun 1960, har ta ɗauke su a fim suna yi. A nan wajenmu tarin kashin maƙera ne babban abin da ya rage.

Zangon fatake

Alama ta biyu ita ce ta fatauci. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka haɗa Kano da Gwanja, inda ake sayo goro, ta kwarin Gulbin Zamfara ta bi, ta Gummi, ta nufi Jega da Yawuri, ta ƙetare Kwara. Cikin manyan jama'o'in fataken goro na ƙarni na 19, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su Kambarin Barebari a Gummi suka fara kafuwa kafin da yawansu su koma Kano, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a bincikensa.

Waɗannan mutane su ne malaman kwanan daji. Ayari yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci dubbai. Madugu ke shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na lura da biyan fito da garama ga masu ƙasa. Ana tashi da asuba, a sauka kafin rana ta take, kusa da ruwa, a kafa bukkoki, a kewaye dabbobi da ƙaya, a hura wuta saboda kura, a raba masu tsaron dare. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro, tafiya ɗaya takan ci watanni. Matan ƙauyukan kan hanya kuma suna kawo fura da tuwo da ciyawar dabbobi, har wani zangon ya zama kasuwa, kasuwa ta zama gari.

Tufafin da ayari ke ɗauka su ne suka bar mana wata alamar, watau ramukan marina. Zamfara ƙasar auduga ce da baba. Rijiyar rini akan shafe cikinta da laso wanda ake haɗawa da katsi, shi ya sa take daɗewa ƙwarai. In ka ga ƙananan ramuka masu zagayayyen baki sun jeru kusa da juna a cikin kufai, to, karofi ne, kuma yawansu na nuna girman cinikin garin.

Kada a ɗauka hanyoyin nan lafiya lau suke a koyaushe. A 1853 Heinrich Barth ya ratsa dajin Gundumi, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, cikin tafiyar sa'o'i 26 ba tare da yada zango ba, saboda tsoron mahara. Amma fatake suna da abin da za su dogara a kai: akwai sarkin da aka biya fito, akwai wanda za a kai wa ƙara. Hanyar ta mutu ne sa'ad da Salaga ta lalace bayan yaƙin basasarta na 1892, kana goro ya koma biyo jirgin ruwa zuwa Ikko, da jirgin ƙasa zuwa Kano.

Ramukan zinariya

Alama ta uku ita ce mafi ƙuruciya, ita ce kuma mafi haɗari. Ƙarƙashin ƙasar Anka da Maru akwai tsofaffin duwatsu waɗanda jijiyoyin farin dutse suka ratsa, a cikin jijiyoyin nan zinariya take. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, dokokinsu sun mai da duk ma'adinan ƙasa mallakar gwamnati, ba mai haƙa sai da lasin. An fara fitar da zinariya daga Nijeriya a 1913, amma rububin gaske ya zo ne a shekarun 1930. Dalili kuwa shi ne, Ingila ta daina ɗaura kuɗinta a kan zinariya a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza zuwa dala 35 a 1934, a daidai lokacin da kuza da gyaɗa da auduga suka faɗi warwas. Turawa masu neman arziki suka bazu cikin lardunan Neja da Zazzau da Sakkwato, talakawa masu neman kuɗin haraji suka bi su suna haƙa da wankin yashi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da wannan aiki. Gwamnati ta fi bukatar kuza, har ta tilasta wa dubun dubatar mutanen Arewa zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Masu lasin suka watse, suka bar ramuka a buɗe da tarin dutsen da aka fasa. Ba a cike su ba, ba a killace su ba, ba a kuma bar wa En'e da hakimai bayanin abin da ke cikin dutsen ba. Har yau ikon ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, bisa tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007. Arzikin da ke ƙarƙashi na Abuja ne, mutanen da ke zaune a kai kuwa na hakimi da dagaci ne, kuma tsakanin waɗannan biyu aka sami giɓin da masifa ta shigo.

A 2008 farashin oza ya haura dala 1,000. Manoman Anka da Bukkuyum suka koma ramuka, tsofaffi da sababbi. Suka riƙa kawo dutse cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana wankewa, ana kama zinariyar da zaiba. Abin da ba su sani ba shi ne, wasu jijiyoyin cike suke da dalma, irin dutsen nan da ake yin tozali da shi. Ƙurar niƙa ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta shiga abinci, ta shiga tafkuna. Agwagi suka fara mutuwa. Sa'an nan yara suka shiga suma da farfaɗiya, iyaye na zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan sababbin kaburburan yara. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke amfani da ita a lokacin ita ce 400. Jimlar yaran da suka rasu ta haura 400, dubbai kuma suka sha magani, wasunsu da naƙasar ƙwaƙwalwa wadda ba ta warkewa. Sunayen ƙauyukan ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe su: 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a Anka.

Maganin da aka yi wa ƙasar shi ne a kankare samanta gida gida, a binne a rami na musamman, a zuba sabuwa. An gama ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta ya fito. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda aka binne a 2011 tana nan yadda take, kuma za ta kasance a nan sa'ad da jikokinmu za su nemi filin gini.

Yadda wasu suka yi da nasu kufan

A nan yana da amfani mu leƙa wata ƙasa. A tsaunukan arewaci da kudu maso yammacin Ingila akwai filaye marasa itatuwa da ke cike da kufan ma'adinan dalma da kuza. Mutanensu sun mai da yawo a waɗannan wurare da kwana cikin tanti abin sha'awa. Ba a banza suka samu ba: a 1932 ma'aikatan masana'antu sun yi gangami sun hau tudun Kinder Scout ba da izinin masu ƙasa ba, aka ɗaure wasunsu, kana a 1949 aka yi dokar da ta kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa. A 2025 ma sai da Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da 'yancin kwanan daji a Dartmoor. Abin da ya shafe mu shi ne, tsofaffin ramukansu suna cikin taswira, kuma manomansu sun san filayen da dalmar da ta saura ke kashe dabbobi, ko da yake an rufe ma'adinan fiye da shekara 100. Yawan masu takawa da ƙafa ya taimaka wajen sanin wuraren da kiyaye su.

Mu a nan ba mu gaji yawon daji don nishaɗi ba. Masu kwanan dajinmu su ne mai tama da falke da maharbi da makiyayi da almajiri, kowa da bukatarsa. Amma sun bar mana ladabin tafiya: ka yi sallama da mai gari kafin ka shiga dajinsa, ka nemi ɗan ƙasa ya yi maka jagora, ka ɗauki guzuri da gorar ruwa, kada ka kwana cikin busasshiyar ƙorama in damina ta kusa, ka kashe wutarka kafin ka tashi. Yau sai mu ƙara da cewa kada ka sha ruwan tsohon rami, kada ka shimfiɗa tabarma a kan tarin niƙaƙƙen dutse.

Dajin da aka rufe

Sai dai duk wannan tafiya da na siffanta, a halin da ake ciki ba mai hankalin da zai tura ɗalibi ya yi ta. 'Yan bindiga sun mamaye dazuzzukan yankin. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, tana mai cewa akwai alaƙa tsakanin haƙar da ta'addancin, ba ta ɗage hanin ba sai a Disamba na 2024. A farkon Janairu na 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum; gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna wurin suka ce sun kai 200. Ƙauyuka da yawa sun tashi. Watau a gaban idonmu ana yin sababbin kufai, kamar yadda aka yi bayan 1762.

Asarar rai ita ce babba, ba abin da ya kama ƙafarta. Amma akwai wata asarar da ke biye da ita a ɓoye. Tsohon da ya san inda kakanninsa suka dafa tama, da inda Bature ya haƙa rami, da tafkin da ya kashe agwagi, yanzu yana gudun hijira a Anka ko Gummi ko Gusau. In ya rasu a can, saninsa ya tafi tare da shi, kuma ranar da jama'a za su koma, za su koma ne ƙasar da ba su san haɗarinta ba.

Kammalawa

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga ɗalibai, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau. In daji ya rufe, bakin tsofaffi bai rufe ba. Ku same su inda suke zaune, ku tambaye su sunan kowane kufai da zango da rami, da wanda ya yi aiki a wurin, ku rubuta. Ku haɗa da rahotannin Lardin Sakkwato da ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna.

Na biyu ga ma'aikatan ƙananan hukumomi da na ma'aikatun ƙasa da lafiya. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajista ta tsofaffin ramuka da wuraren niƙa da wuraren da aka binne gurɓatacciyar ƙasa, a ba hakimi da dagaci kwafe, kada a yanka wa kowa fili ko a haƙa rijiya sai an duba ta. Wannan aiki bai fi ƙarfin littafi ɗaya da ma'aikaci mai gaskiya ba. Rigakafi ya fi magani.

Na uku ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Tarin kashin maƙera da ramin karofi sun cancanci kiyayewa kamar yadda ganuwa da fada suka cancanta, gama su ne tarihin mai fartanya.

Gani ya kori ji. Ina fata Allah ya kawo ranar da malami zai ɗebi ɗalibansa daga Anka, su taka har Gummi, su yada zango ƙarƙashin kukar wani kufai, su kwana ba fargaba. Kafin wannan rana, wajibinmu ne mu tanadi abin da za su riƙa a hannu in sun tashi tafiyar.